Mai Gishiri da Shanun Cikin Waya

To, jawo kujera ka rubuta, jikalle. Yadda na faɗa za ka sa, ban da gyara mini baki.

Mai Gishiri ake ce masa. Yana da sunansa na gaskiya kamar kowa, amma ko matarsa sai ta yi jim kafin ta tuno shi. Aljihun rigarsa na dama ba ya rabo da dunƙulen gishiri, gishirin ya yi ta cin yadin, ita kuma ta yi ta faci tana mita. In kuka gaisa sai ka ji tafin hannunsa kamar dutsen goge kaushi, harshen shanu duk ya kankare shi.

Cikin shanu aka haife shi. Ubansa makiyayi ne, kakansa ma haka. Tun bai iya ɗaure wando ba ya san saniyar da ta kusa haihuwa daga tsayuwarta, ya san wadda ke neman bijimi tun bijimin bai farga ba. Abu guda uban ya dasa masa a ka, safe da yamma yana nanata masa: ka duba cikin maruƙanka ka ware namiji ɗaya mai kyan ƙira, mai sanyin hali, shi za ka bar wa garke. Masu tunkuyi da masu zafin kai kuwa ka dandaƙe su tun suna ƙanana, don halin uban 'ya'yan za su ɗauko. Haka suke yi. Bijimi ɗaya ya daɗe a garkensu, ya hau uwa, 'yar ta girma ya hau 'yar, kuma ba a taɓa ganin maraƙin da ya fito da aibi ba.

Wata shekara ciwo ya shigo ya share garken tas. Uban bai jima ba ya bi shanunsa. Mai Gishiri ya shigo gari da sandarsa da matarsa da goyonta, ya kama aiki a mayanka. Bai iya ba. Sai ya tsaya yana shafa wuyan bijimi, mahauta na jira a kayar. Suka ce masa, "Malam, nan fa ba wurin soyayya ba ne." Wani daga cikinsu ne ya ce ya gwada gidan shanun daji, can bayan gari, ana neman wanda ba ya tsoron ƙaho.

Shanun daji ba irin na gida ba ne. Bijimin baƙi ne wuluk, ƙafafunsa farare kamar ya sa safa, kafaɗarsa ta kai kan mutum. Matan jajaye ne, ga saurin firgita. Da can sun cika dazuka. Aka sare dajin, aka harbe na harbewa, ciwon shanun gida ya ƙarasa saura. 'Yan kaɗan da suka rage aka kamo aka zuba a waya, wai a yi ta kiwonsu su hayayyafa, wata rana a mayar da jikokinsu inda aka ɗauko kakanninsu.

Wurin fili ne mai tsawo, an zagaye shi da waya mai kauri, an rarraba cikinsa da shingen ƙarfe. Akwai kwamin siminti na ruwa, da rumfar kwano, da ɗakin ajiye busasshiyar ciyawa, da wani siririn lungun ƙarfe da ake kora dabba ciki in za a yi mata allura. Gidajen ma'aikata suna bakin ƙofa. Nasa ɗaki biyu ne da 'yar baranda, warin kashin shanu na shigowa ta taga. Matar ta ce, "Baban yara, mun gudu daga shanu mun faɗo cikin shanu." Shi kuwa ranar ya ci abinci har da neman ƙari.

Mutanen wurin ba su da yawa. Akwai Manaja da ba ya barin ofis sai in baƙi sun zo. Akwai Direba, mai jan tarakta yana kawo ciyawa, bakinsa ba ya gajiya da tsokana. Sai Likita, wata doguwar mata mai takalmin roba, ita ke faɗin wace saniya za a kai wa wane sa. Ba kullum take zuwa ba, don tana da wasu wuraren da take dubawa. Ta zo ta faɗi abin da za a yi, ta shiga mota ta tafi. Mai buɗe ƙofa da rufewa, Mai Gishiri ne.

Bijimai biyu ne a gidan. Na farko yana ɗan maraƙi aka kawo shi, mafarauta sun kashe uwar. Mai Gishiri ya ɗauke shi ya kai barandarsa, ya rene shi da kwalba da kan roba. Maraƙin ya cinye labulen ƙofa, ya ci gefen zanen matar a kan igiya. Ta ce, "Zo ka ga aikin ɗan lelenka." Sunan ya bi shi. Ɗan Lele ya girma ya zama ƙato, ƙirarsa kamar an zana, amma da ya ji takun Mai Gishiri sai ya taho bakin shinge ya miƙo wuya, ya lashi gishiri a tafin hannu yana lumshe ido.

Na biyun da girmansa aka kamo shi, daga wani daji mai nisa, kuma shi ne na ƙarshe da aka gani a can. Kunnensa ɗaya a yage, ga tabon tarkon waya zagaye da wuyansa. Ba ya cin ciyawa in mutum na kallo. In ka matso shinge ba ya ruri, ba ya tono, sai dai ya juyo ya zuba maka ido har ka ja da baya. Direba ne ya sa masa Gagarau.

Wata safiya Likita ta tsaya da Mai Gishiri a bakin shingen Gagarau ta ce, "Baba, wannan mugun da kake harara, shi ne dukiyar gidan nan."

Ya ce, "Wannan? Likita, da a garken mahaifina ne, da tuni an sauke masa girman kai."

Ta yi dariya. Ta ce, "Saurara ka ji. Matan nan namu da Ɗan Lele duk daga kwari ɗaya aka kamo su, dangin juna ne. Kowace dabba tana ɗauke da wani ɓoyayyen aibi a jininta. In uwa da uba jininsu daban ne, lafiyar wannan sai ta rufe aibin wancan. In jini ɗaya ne, aibi ya gamu da ɗan'uwansa, sai ya fito fili a jikin ɗan. Gagarau kaɗai ne baƙo. In jininsa ya shiga garken nan, sun rayu. In bai shiga ba, yau ko gobe sun ƙare."

Ya ce, "To, Likita." Amma a ransa cewa ya yi, jini ai ja ne duka.

Aka kai wa Gagarau saniya ta farko, wata mai taushin hali da Mai Gishiri ke ji da ita. Ko shinshina ta bai yi ba. Ya sunkuyar da kai ya ɗauke ta ta haƙarƙari ya maka da shinge. Mai Gishiri ya yi tsalle ya faɗa ciki da sanda, abin da ba a yi. Gagarau ya bar saniyar ya juyo kansa, ya matse shi da ƙarfe har Direba ya ji ƙarar ƙashi daga kan tarakta. Da ƙyar aka jawo shi ta ƙasan shinge. Saniyar ba ta tashi ba. Shi kuma ya yi jinya mai tsawo a asibiti, ya fito kafaɗarsa ta hagu a karkace, haka ta zauna har ya mutu.

Likita ta je duba shi. Ta ce sabon wuri ne ya firgita san, a ba shi lokaci, a riƙa barin saniyar a shingen kusa da shi su saba kafin a buɗe. Ta ce, "Bana duk matan da suka nema, Gagarau za a kai wa. Ɗan Lele ya huta."

A kan gadon asibitin nan ya yi ta juya maganar. Wai a cika gida da 'ya'yan wannan. Garke guda masu irin idon nan, masu ɗaukar uwa ta haƙarƙari. Wa zai shiga ya share musu? Wa zai ciro maraƙi in ya gicce a ciki? Ga sa lafiyayye, mai kyau, mai hankali, an ce ya zauna yana kallo. Bai ga ya saɓa wa kowa ba. Gani ya yi yana tsare garke, yadda ubansa zai tsare.

Dabarar ba ta da wuya ga wanda ya san shanu. Shi ke fara gane saniyar da ta fara nema, tun kafin ta soma kuka da hawan 'yan'uwanta. Da sassafe, wurin share kwami, sai ya zare sakatar da ke tsakaninta da Ɗan Lele. In an gama ya mayar da ita. Sai ya bari zafin neman ya wuce, sannan ya kora ta shingen Gagarau a gaban kowa. Gagarau ya shinshina ta, ya ga ba ta da bukata, ya juya ya ci gaba da kallon waya. Kowa ya ga saniya ta shiga wurin Gagarau, kowa ya ga ta fito da ciki.

Maruƙa suka zo kyawawa, jajaye, masu sheƙi. Manaja ya fito daga ofis aka ɗauki hoto. Likita ta riƙe hannun Mai Gishiri da hannu biyu ta ce, "Baba, ka ceci irin nan."

Direba dai ya leƙo daga kan tarakta ya ce, "Ikon Allah! Gagarau da haihuwar 'ya'ya masu ladabi. Kai, wannan ɗan har lumshe ido yake irin na wani da na sani."

Mai Gishiri ya ce, "Kai da ka san taya da baƙin mai, me ka sani a idon sa?"

"Ni dai na ce Allah ya raya. Ko a unguwarmu akan haifi yaro ya ɗebo kamar maƙwabci."

"Ja tsohuwar motarka ka ba ni wuri, ɗan banza."

Aka yi dariya, magana ta wuce. Shekara ta biyo shekara a haka.

Sai karsanun nan suka isa barbara. Likita ta zo da murnarta ta nuna su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Waɗannan 'ya'yan Gagarau ne, ba abin da ya haɗa su da Ɗan Lele ta wajen uba. Yanzu shi za a kai wa. Mazan kuma, 'ya'yan Gagarau, a ba su 'yan matan da Ɗan Lele ya haifa tun da. Ka ga jini ya gauraya."

Ranar da zai buɗe wa karsana ta farko, ya daɗe tsaye hannunsa a kan sakata. Ya san 'yar wa ce. Ya san mazan da ake kira 'ya'yan Gagarau, da matan da za a ba su, ubansu ɗaya. Da ya buɗe baki a ranar, da an gyara, don Gagarau na nan da ƙarfinsa. Amma sai ya tuna bijimin ubansa da ya hau uwa ya hau 'ya, garke na ta yaɗo. Ya ce a ransa, su masu karatu akwai su da tsoron abin da ido bai gani ba. Ya zare sakatar.

Haihuwar farko ba ta nuna komai sosai ba. Maraƙi ɗaya ya zo ƙarami, wani ya yi jinkirin miƙewa. Ya ce sanyin damina ne. Ta gaba ce ta fara faɗin gaskiya. Wani ya fito ƙafafun gaba a lanƙwashe, yana tafiya da gwiwa har fatar ta sale. Wata ta zo da farin ido, tana bin kukan uwarta tana karo da ƙarfe. Wasu a mace aka haife su, cikakku, da gashinsu da komai. Karsanu da yawa ma suka ƙi ɗaukar ciki sam. Bayan ɗakin ciyawa akwai wuri mai taushin ƙasa, nan yake haƙa. Direba ya daina tsokana, sai dai ya sauko ya karɓi shebur in ya ga kafaɗar ta gaza.

Likita ta rame. Ta canja dusa, ta sa aka wanke kwami aka auna ruwan, ta kawo allurai kala-kala. Tana tsugune kan wani mataccen maraƙi ta ce, "Baba, ban gane ba. Na yi komai yadda ya kamata. Ko ni ce na kawo musu wani ciwo a takalmina?"

Ya ce, "Allah ne ya kawo, Likita." Ya kau da kai.

Akwai wata 'yar maraƙa da ta zo muƙamuƙinta na ƙasa gajere, bakin bai haɗuwa. Ta kama hantsar uwar, nonon ya suɓuce. Ta sake kamawa, ya suɓuce. Ya naɗe ta a buhu ya kai ta barandarsa, daidai inda Ɗan Lele ya girma, ya nemo tsohuwar kwalbar. In ya ɗura mata, madarar ta hanci take dawowa. Ya kwantar da kanta a cinyarsa yana ɗiga mata da yatsa. Matar na zaune a bakin ƙofa tana facin aljihunsa. Yaransu sun girma sun watse, daga shi sai ita.

Ta ce, "Baban yara, wannan ma jikar Gagarau ce?"

Ya ci gaba da ɗiga madarar.

"Ni ba yarinya ba ce. Ina ganinka ta taga da sassafe."

Ya ce, "A garken baba haka muke yi. Sa ɗaya. Ke ma kin gani da idonki, ko maraƙi ɗaya kin taɓa ganin ya fito haka?"

Ta cije zaren ta ce, "A garken baba akwai waya?"

"Kamar yaya?"

"In kun kai su mashaya, ku kaɗai ne? Garke nawa ke haɗuwa a bakin ruwan nan? Kuna ƙarƙashin itace kuna hira, bijiman mutane na hawan shanunku, naku na hawan nasu. Sau nawa baba ya yi faɗa saniyarsa ta haifo mai launin garken wasu? Ku dai kuna cewa sanku ɗaya ne."

Ya ga mashayar a idonsa, ƙura da ruri da ƙahoni sun cakuɗe, ba ka sanin na wa ke kan ta wa. Ashe duk shekarun nan baƙon jini na shigo musu ba tare da sun gayyace shi ba, shi ke riƙe da garken, su kuma suna yaba wa bijiminsu. A nan kuwa ba mashaya. Ƙofa ɗaya ce baƙon jini zai shigo ta cikinta, kuma shi ne ya tsaya a bakinta.

Kafin rana ta yi tsaka 'yar maraƙar ta daina motsi a cinyarsa.

Washegari ya yi niyyar faɗa wa Likita, ya je har bakin motarta, sai ya kasa, ya ɓige da ce mata tayar baya ta yi sanyi. Ita kuwa ta riga ta yanke shawara. Ta sa aka kora shanun nan kaf ta lungun ƙarfe, manya da ƙanana, ta ɗebi jinin kowanne a 'yar kwalba. Gagarau sai da aka harbe shi da allurar barci. Ta aika da jinin inda ake dubawa a san wa ya haifi wa.

Ran da ta dawo, yana wanke kwami. Ba ta gaishe shi ba, ita da ko a guje take sai ta ce Baba ina kwana. Ta tsaya a kansa ta ce, "Ko ɗaya."

Ya ci gaba da goge simintin.

"Ko ɗaya babu na Gagarau. Duk gidan nan Ɗan Lele ne. Uba shi ne, kaka shi ne, ta uwa ta uba. Kuma ni da bakina na ce a kai masa 'ya'yansa." Ta nuna shi da yatsa. "Kana tsaye ina faɗa. Kana kallona ina wanke takalmi kamar mahaukaciya. Me na yi maka, Baba?"

Ya miƙe a hankali, ruwa na ɗiga daga hannunsa. Ya ce, "Ya kashe mini saniya. Ya karya ni. Na ce kada a cika gida da irinsa."

"Daji za a mayar da su! Daji! Mai lasar gishiri a hannu kake so mu kai wa mafarauta? Wannan zafin kan da ka tsana, shi ya sa ya rage shi kaɗai da rai a dajinsu."

Ta share fuska da hannun riga, ta juya ta dubi shingen can na ƙarshe. Ta ce, "Yana da sauran numfashi. A nemo mini karsana mafi lafiya. Kai ka san wadda ke nema, tunda ka fi kowa sani."

Sai a lokacin ya dubi Gagarau da kyau, don ya daɗe yana zuba masa ciyawa ba tare da ya kalle shi ba. Baƙin ya koɗe ya koma toka-toka. Ƙasusuwan ƙugu sun fito kamar an rataya buhu a kan turaku. Haƙoran sun cinye, rabin ciyawar da ya tauna zubowa take. Idon ne kawai bai tsufa ba.

Wannan karon ba dabara. Ya ware karsanar da ta fi kowacce ƙiba, ya ajiye ta a shingen kusa suka saba, ya jira har ta kai ganiyar nema, sannan ya zare sakata da hannunsa. Likita da Direba da Manaja suna tsaye, ba mai tari. Gagarau ya tako a hankali. Ya shinshina ta, ya ɗaga kai ya yage leɓe. Bai tunkuye ta ba. Ya ɗora haɓarsa a gadon bayanta, karsanar ta tsaya cak. Mai Gishiri ya ji bakinsa na cewa, "Haba tsoho. Haba baba. Yunƙura."

Ya yunƙura. Ƙafafun gaba suka bar ƙasa kaɗan suka dawo. Ya tsaya yana huci. Ya sake tattara ƙarfinsa ya tashi, har ƙirjinsa ya hau bayanta, sai ƙafar baya ta zame a kan siminti. Ƙarar da aka ji irin wadda Direba ya taɓa ji ce daga kan tarakta. Ya faɗi ta gefe, ƙugun ya tafi.

Mai Gishiri ya shiga. Ba wanda ya hana shi. Ya durƙusa a gaban kan, ya ciro gishiri daga aljihu ya miƙa a tafin hannu. Gagarau ya dube shi da idon nan, ya ja wuyansa a ƙasa, ya juyar da kai wajen waya.

Likita ta yi masa allurar da ba a tashi. Jikin bai huce ba ta yanke marainan ta sa a ƙanƙara, ta ce wani lokaci akan sami iri mai rai a ciki a ɗura wa saniya. Ta ja mota da kanta. Mai Gishiri da Direba suka haƙa rami mafi girma da aka taɓa haƙawa a bayan ɗakin ciyawa, da tarakta aka ja Gagarau zuwa ciki. Da Likita ta dawo ba sai an tambaye ta ba. Ta ce an duba irin a madubin likitoci, ba ko ɗaya mai motsi. Ya tsufa da yawa. Ta ce, "Da ko shekara biyu baya ne." Ba ta ƙarasa ba.

Aka nemi wani bijimin a wasu gidajen irin wannan, har a ƙasashen waje. Masu shi suka ce nasu ma daga kwarin su Ɗan Lele aka kamo kakanninsu. Daga sama aka aiko cewa waɗannan ba za su koma daji ba, kuma a raba maza da mata, kada a ƙara haifo masu wahala. A ciyar da su har kwanansu ya ƙare.

Manaja ya ce a kori Mai Gishiri. Likita ta ce, "Wa zai ciyar da su? Ba su san hannun kowa ba sai nasa. A bar shi." Daga ranar ba ta ƙara ce masa Baba ba, sai Malam.

Haka ya ƙarasa aikinsa, a gidan shanun da ba kukan maraƙi. Da safe ya wanke kwami, ya zuba ciyawa, ya duba sakatu ya tabbata a rufe suke. In saniya ta fara nema, shi ke fara ganewa kamar kullum. Ta yi ta kuka tana bin waya, mazan na amsawa daga can, shi kuma ya zauna a kan bokiti ya ba su baya har abin ya wuce. In ɗaya ta mutu, Direba ya kawo tarakta. Shingayen suka riƙa zama fanko ɗaya bayan ɗaya, ciyawa ta fito ta tsagar siminti.

Ɗan Lele ya daɗe ƙwarai. Ya yi ƙiba, ya yi furfura a goshi, kuma bai fasa zuwa bakin shinge in ya ji takun nan ba. Matar Mai Gishiri ta taɓa tambayarsa, "Har yanzu kana ba shi?" Ya ce, "Shi me ya yi? Ƙofa aka buɗe masa ya shiga."

Da ƙafa ta gaza aka sallame shi, suka koma wani ɗaki a cikin gari kusa da babbar 'yarsu. Bai ƙara zuwa gidan shanun ba, bai kuma yarda a yi hirarsu a gabansa ba. In jikokinsa suka ce, "Kaka, wai da gaske ka yi kiwon shanun daji?" sai ya ce su je su tambayi kakarsu. Amma gishirin bai bar aljihunsa ba, ko da ba mai lasa.

Direba ne ya zo gaishe shi a ciwonsa na ƙarshe, shi ma ya tsufa. Suka gaisa, ya zauna a gefen gado. Can Mai Gishiri ya ce, "Saura nawa?"

Direba ya ce, "Tsofaffin mata ne kawai, ba su cika hannu ɗaya ba. Makauniyar nan ma tana nan."

"Wa ke ba ta ruwa? Ba ta gane kwamin sai an buga mata shi da sanda."

"Ana buga mata."

"A gefen hagu. Ta dama tana karo da ƙarfe."

Direba ya ce zai faɗa musu. Bai gaya masa cewa an riga an fara kwance wayar ta gefen shingen Gagarau ba.